Kundin aikin batirin zinki da iska: gawayin ɓuntun shinkafa a matsayin katalis

Juma'a, 1 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya ɓaci a aikin da nake son gudanarwa cikin wannan rani, wato haɗa ƙaramin batirin zinki da iska wanda zai kunna fitilar karatu, a nan ƙauyenmu da ke yankin Auyo. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare, kuma da ma na daɗe ina kallon tsibin ɓuntun shinkafa da ake zubarwa a bayan injin casa, ana cinna masa wuta yana hayaƙi kwana da kwanaki.

Irin wannan batir ba sabon abu ba ne, domin shi ne ƙananan baturan da ake sa wa na'urar taimaka wa ji, kuma tun a 1932 Heise da Schumacher suka haɗa wani babba a Amurka, irinsa ya yi aiki a fitilun hanyar jirgin ƙasa. A gefe guda akwai farantin zinki da ke narkewa a hankali yana sakin ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin da gudunsu a waya shi ne wutar lantarki, a ɗaya gefen kuma akwai fuskar da iska ke shiga, inda oksijin ke karɓar waɗannan ilektoron ya haɗu da ruwa. A lissafi ya kamata ya ba da bolt 1.65, amma a zahiri ba ya kaiwa, saboda oksijin yana da nawa ƙwarai wajen karɓar ilektoron. Sai an samar masa katalis, wanda nakan kwatanta wa ɗalibai da dillalin kasuwa mai haɗa mai saye da mai sayarwa ba tare da an sayar da shi kansa ba, sai dai shi wannan ko la'ada ba ya karɓa. Katalis ɗin da ya fi suna a wannan aiki filatinam ne, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari na wanda ake haƙowa daga Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma tsadarsa ta sa masana suka koma neman madadinsa a cikin kabon mai ƙananan siffofi da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita.

A 1991 Sumio Iijima na Japan ya bayyana siraran bututun kabon, a 2004 kuma Geim da Novoselov suka ɓanɓaro girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin atom guda, a Jami'ar Manchester. Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin da Liming Dai da abokan aikinsa suka buga a mujallar Science a 2009, inda suka nuna cewa bututun kabon da aka cusa wa naitrojin yana yin dillancin oksijin kamar filatinam a ruwan alkali, wato ruwa irin na kaustik soda ko fotash. Ba ni da injin shuka bututun kabon. Ina da ɓuntu, ina da takin yuriya mai naitrojin kashi 46 cikin ɗari, akwai kuma maƙera a bayan masallacin Juma'a.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na shiga Kano sayayya. A Sabon Gari na sayi mitar awon wuta a kan naira 11,500, ma'aunin zafi mai doguwar waya da ke jure fiye da digiri 1,000 a kan 27,000, kilo ɗaya na kaustik fotash da masu sabulun ruwa ke amfani da shi a kan 7,000, kilo ɗaya na kaustik soda 3,500, ragar ƙarfe marar tsatsa 4,000, tef ɗin masu gyaran famfo guda biyar 1,500, sai tabarau da safar hannu 3,000. Ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinari ya ci 9,000. Kuɗin mota zuwa da dawowa 12,000. Jimla 78,500, wanda ya zarce abin da na ware da kusan dubu ashirin.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na haɗa ruwan batir, giram 336 na kaustik fotash a cikin lita guda, wanda shi ne ƙarfin da aka saba amfani da shi. Yana narkewa ruwan ya ɗauki zafi har na kasa riƙe mazubin.

Zinki kuwa daga tsofaffin baturan tocila na samo shi. Yaran unguwa sun tara mini guda arba'in da ɗaya, na fasa su, na miƙe gwangwanin jikinsu, na goge da yashi. Wani ɗalibina ya kawo mini guntun kwanon rufi yana cewa ai shi ma zinki ake kiransa, sai na nuna masa cewa baƙin ƙarfe ne aka shafa wa zinki kaɗan a sama, ba zai yi ba.

Gwajin farko da gawayin girki na yi shi, don in sami abin kwatance. Na daka shi ya yi laushi kamar kwalli, na danna a kan raga mai faɗin santimita biyu sau biyu. Mita ta nuna kusan bolt 1.1 babu kaya, wato ba a jona wa batirin komai ba, amma ina jona resista mai om 47, ɗan abin da ke taƙaita gudun wuta, sai wutar ta faɗi ƙasa da bolt 0.2. Da na ɗora bakin mita a kan dunƙulen gawayin kansa sai na ga ba ya wuce da wuta ko kaɗan. Dalili shi ne gawayin da ake yi a rami ba ya samun zafin da ya wuce digiri 400 zuwa 500, kuma kabon ba ya fara wuce da wuta sosai sai an gasa shi ya haura 700, lokacin da atom ɗinsa ke jeruwa shimfiɗa-shimfiɗa irin na bakin fensir. Na san wannan a takarda, amma sai yau na gan shi da idona.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na kwaso buhu guda na ɓuntu kyauta, na wanke sau uku, na shanya a kan soro.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na je wurin Baba maƙeri da hantsi na yi masa bayanin abin da nake so, wato a gasa ɓuntu a cikin rufaffen gwangwani har ya yi ja na tsawon awa guda ba tare da iska ta shiga ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, mu gawayi muke saye mu ƙona, kai kuma za ka ƙona gawayin kirki don ka sami na ɓuntu?" Na ce, "Baba, haka ɗin ne, sai dai a yi haƙuri da ni." Muka daidaita a kan naira 2,500 kowace gasawa, gawayin wuta kuma nawa.

Gasawar ta ɓaci. Na huda murfin gwangwanin madara huji uku don hayaƙi ya fita, kuma da muka cire shi daga wuta yana ja sai na bar shi a fili ya huce. Iska ta bi ta hujin ta cinye kabon ɗin, na buɗe na tarar da farar toka mai ƙyalli, baƙin da ya rage bai cika cokali ba. Baba bai ce komai ba, sai ya nuna mini tulin yashin da yake binne ƙarfe a ciki idan yana son ya huce a hankali. Da na tambaye shi tun farko da ban yi asarar yini guda ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Wannan karon na sa ƙaramin gwangwani cikin babba, na cike tsakaninsu da garin gawayi domin ya shanye duk iskar da ta kutsa, huji kuma guda ɗaya tak. Riƙe zafi daidai a maƙera aiki ne mai wuya, domin idan yaron Baba ya matsa wa zugazugi sai ma'auni ya haura 950, idan ya sassauta ya sauko 760. Daga baya Baba ya karɓi zugar da kansa, ya daina kallon ma'aunina, yana duban launin gwangwanin kawai, kuma ya riƙe shi tsakanin 830 da 880 har awa ta cika. Muka binne a yashi har la'asar.

Daga giram 60 na ɓuntu na sami giram 22 na baƙin gawayi, kuma mita ta nuna yana wuce da wuta.

Saura silika. Kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin ɓuntu toka ne, mafi yawanta kuma silika, sinadarin da ke cikin yashi, shi ya sa ɓuntu ke sa ƙaiƙayi kuma dabbobi ba sa sonsa. Wannan silika tana zaune ne a cikin gawayin a matsayin ƙananan ƙwayoyi, idan aka narkar da ita da kaustik soda sai ta bar ramuka masu yawa a gurbinta. Ramukan nan su ne ribar ɓuntu a kan itace, domin dillancin oksijin a saman kabon yake faruwa, iya yawan fili iya yawan aiki. Giram ɗaya na girafin, a lissafi, yana da fili murabba'in mita 2,630, wato ya fi rubu'in hekta. Ba na sa ran gawayina zai kai nan.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Na dafa gawayin a ruwan kaustik soda awa biyu cikin kwanon ƙarfe marar tsatsa, ba a tukunyar alminiyam ba domin soda tana cin alminiyam. Wanki ya ɗauki kwana uku kafin santsin ya fita. Bayan bushewa nauyi ya koma giram 12.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yau aka yi gasawar naitrojin. Na karɓi kwano guda na yuriya daga ragowar takin yayana, na haɗa giram 5 na gawayi da giram 25 na yuriya da ɗan ruwa, na busar. Yuriya tana narkewa tun a digiri 133, kuma idan aka ɗaga wuta da sauri yawancin naitrojin ɗinta zai gudu a matsayin amoniya kafin kabon ya yi zafin da zai karɓe shi. Saboda haka muka tsaya a wajen digiri 550 na awa guda, inda ragowar yuriya ke zama wani rawayan sinadari na kabon da naitrojin, sannan muka haura 850, inda shi ma yake wargajewa ya bar wa gawayin naitrojin. Warin amoniya ya sa mu hawaye, har muka janye tukunyar wutar zuwa fili muka tsaya ta inda iska ke tahowa. Duk wanda zai maimaita wannan kada ya kuskura ya yi shi a cikin rumfa, domin hayaƙin yana da guba. Na ƙara wa Baba naira 1,000 saboda awannin da suka ƙaru.

Laraba, 4 ga Disamba

Kwana huɗu ina fama da fuskar iska. Dole ne iska da ruwan batir da kabon su haɗu a wuri guda, kamar bakin fadama inda ƙasa ke da laima amma ruwa bai shanye ta ba. Idan ruwa ya cika ramukan, oksijin ba shi da hanya. Idan kuma bai shiga ba sam, babu inda aikin zai gudana. Masana'antu suna ɗaure garin da ruwan tefulon, wata roba da ruwa ba ya jiƙa ta, ni kuma ban samu ba, sai na narkar da farin soson da ake naɗe talabijin a cikin tina na yi ƙullu da shi. Na farko na zuba da yawa, ya bushe ya zama kamar roba, ya toshe komai, wuta ba ta wuce bolt 0.5 ba. Na biyu na rage ƙwarai, garin ya zube cikin ruwa ya mai da shi baƙi. A karo na biyar na dace da kusan kashi ɗaya na soso cikin goma na gari, na danna da matsar kafinta tsakanin katako biyu, na rufe bayan da tef ɗin famfo ninki biyu, wanda iska ke ratsawa amma ruwa ba ya bi.

Asabar, 7 ga Disamba

Na gwada fuskoki uku masu girma ɗaya, da zinki iri ɗaya, da resista mai om 47, kuma na karanta kowanne bayan minti talatin. Gawayin ɓuntu da ba a sa wa yuriya ba ya tsaya a bolt 0.78. Baƙin garin cikin tsofaffin batura, wanda ke ɗauke da manganis, da na gauraya da gawayin, ya ba da 1.08. Gawayin yuriya ya ba da 1.41 babu kaya, da kaya kuma 1.14, wato wutar da ke gudana ta kai kusan miliamfiya 24.

Na sake gwadawa da sababbin fuskoki har sau biyu, bambancin bai wuce bolt 0.03 ba. A daren nan na aika wa wani abokin karatuna da ke koyarwa a jami'a sakamakon, ina cewa naitrojin ya yi aikinsa. Amsarsa gajera ce, ya tambaye ni a cikin me na gasa.

Litinin, 9 ga Disamba

Na tashi da asuba na tarar ruwan batir ya malale a kan teburin ɗakin zaure, ya ci fentin, ya ɗiga ya ƙona gefen tabarmar uwargida. Laifina ne, domin na ajiye shi a gorar ruwan sha, alhali na san alkali mai ƙarfi yana cin irin wannan roba a hankali har ta tsage. Wajen gogewa ya taɓa mini yatsa ta inda safar ta huje, na ji santsi kamar sabulu, wanda alama ce ta cewa fata ce ke narkewa, na tsaya ana zuba mini ruwa kusan minti ashirin. Allah Ya kiyaye yara ba su riga ni shiga ba. Na mayar da sauran cikin jarkar da ke da lamba 2 a ƙasanta, na sa kwaɗo a akwatin. Tabarma naira 4,500.

Asabar, 14 ga Disamba

Jarrabawar ƙarshen zango da makin takardu. Ban taɓa komai ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Tambayar abokina ta hana ni sakat, domin gwangwanin madara baƙin ƙarfe ne, kuma a digiri 850 cikin hayaƙin amoniya cikinsa yana ɓarewa. Na aro ƙananan kaskon tangaran guda biyu daga ɗakin gwajin makaranta, na maimaita gasawar ranar 30 ga Nuwamba daidai da daidai, gawayi ɗaya, yuriya ɗaya, zafi ɗaya, sai dai garin bai taɓa ƙarfe ba. Kasko ɗaya ya tsage wajen hucewa, zan biya shi. Da garin ɗayan na haɗa fuskoki biyu da daddare.

Sakamako bolt 0.97 da 0.95. Ya fi gawayin da babu yuriya nesa ba kusa ba, amma ya gaza na gwangwani da kusan bolt 0.18, kuma a batirin da duka ƙarfinsa bai kai ɗaya da rabi ba wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Litinin, 23 ga Disamba

Na cire maganaɗisu daga lasifikar tsohuwar rediyo, na naɗe shi da farar takarda, na wuce da shi a kan garin gwangwani. Garin ya miƙe tsaye kamar gashin gemu, ya manne a takardar. Na yi haka a kan garin tangaran, ƙwaya biyu ko uku kawai suka motsa, waɗanda nake zaton daga haƙoran injin casa suka fito. Babu sauran musu, akwai ƙarfe a cikin garin da na yi murna da shi.

Na shafe yini ina karatu a waya, kuma na ga cewa ramin da na faɗa manya sun riga ni faɗawa. Tun a 1964 Jasinski ya nuna cewa atom ɗin kobal da naitrojin huɗu suka kewaye yana dillancin oksijin. A 2009, shekarar da aikin Dai ya fito, ƙungiyar Jean-Pol Dodelet a Kebek ta Kanada ta buga nata aikin a mujallar guda, a kan kabon mai ƙarfe da naitrojin. Su kansu bututun Dai daga sinadari mai ƙarfe aka shuka su, sannan aka wanke ƙarfen, kuma an daɗe ana gardama a kan ko ɗan ragowar da ba ya wankuwa yana da hannu a aikin da ake jingina wa naitrojin kaɗai. A 2016 masana a Jami'ar Tsukuba ta Japan sun nuna da tsabtataccen girafait, wato kabon irin na bakin fensir, cewa kabon da ke maƙwabtaka da naitrojin na bakin shimfiɗa yana yin aikin da kansa, kuma wannan ya dace da 0.96 da na samu a tangaran. Amma idan ƙarfe ya zauna a tsakiyar naitrojin aikin yana ƙaruwa, kuma oksijin ya fi bin hanyar ilektoron huɗu kai tsaye maimakon ya tsaya a rabin hanya ya zama ferokzaid, wanda ke rage wuta kuma yake cin kabon ɗin.

A ganina duk wanda ya ce ya yi katalis marar ƙarfe, ko a maƙera ko a babban ɗakin gwaji, ya kamata a fara yi masa tambayar da aka yi mini. Ni dai na goge kalmar "marar ƙarfe" daga saman shafin da na rubuta ranar 7 ga wata.

Asabar, 28 ga Disamba

Tunda ƙarfen yana da amfani, gara in sa shi da gangan in san adadinsa, maimakon in dogara da abin da gwangwani ya ga dama ya zubar. Na sayi ƙwayoyin maganin ƙarin jini a kemis, naira 600, waɗanda kowace mai miligiram 200 ke ɗauke da kusan miligiram 65 na ƙarfe. Na wanke jan rufin sukarin, na narkar da ƙwaya ɗaya na jiƙa giram 5 na gawayi da ita, na yi wani rukunin da ƙwaya uku. Da yake kasko ɗaya ya rage, sai da muka yi gasawa biyu, tun hantsi har bayan magariba. Baba ya ga ina daka magani ya ce, "Malam, gawayin ma jini ya yi masa kaɗan?" Kuɗin yau 7,000, gawayin wuta 3,000.

Laraba, 1 ga Janairu, 2025

Na jiƙa rukunin biyu kwana guda a ruwan asid ɗin batirin mota da na sirka sosai, domin ya cire ƙarfen da ke zaune shi kaɗai ya bar wanda naitrojin ya riƙe. Ruwan mai ƙwaya uku ya yi kore-kore. Wanki da shanya.

Asabar, 4 ga Janairu

Mai ƙwaya ɗaya ya ba da bolt 1.15 da 1.13, daidai da na gwangwani, kuma bayan wankin asid maganaɗisu ba ya ɗaukarsa. Mai ƙwaya uku ya ba da 1.09, wato ƙarin ƙarfen bai ƙara komai ba, sai ma ragi. Fahimtata ita ce guraben da naitrojin ya tanada suna da iyaka, idan sun cika sauran ƙarfen sai ya dunƙule, kuma dunƙulen yana toshe ramuka. Akwai abu guda da ke dagula lissafin, shi ne maganin yana ɗauke da sulfa, ita ma an san tana shiga kabon ta canja halinsa, don haka gwaji na gaba da ƙarfen da na narkar daga ƙusa zan yi shi.

Asabar, 11 ga Janairu

Na jera batura uku a cikin ƙananan robobin man shafawa masu lamba 5, na jona su a jere suka ba da bolt 3.3, na kunna farin ƙwan tocila guda. Hasken ya isa a karanta littafi idan an matso da shi kamu biyu. 'Yata ta yi aikin gida da shi daren Lahadi da na Litinin, awa uku-uku, kuma duk lokacin da aka kashe ina rufe fuskar iska da leda.

Daren Talata na manta ban rufe ba, hunturu kuma ya buso da ƙarfi, irin wanda ba a ganin bishiyar kukar bakin gari. Da safe ruwan ya ragu da kusan rubu'i, wani farin gishiri ya fito a kan tef ɗin, ƙura ta kwanta a kai, wuta ta sauko bolt 2.6. Abu biyu ne suka haɗu. Busasshiyar iskar hunturu tana zuƙe ruwa ta hanyar da oksijin ke shiga, sannan iskar kabon dayoksaid tana haɗuwa da fotash ta zama kabonet, wanda ke daskarewa a cikin ramukan. Ajiye su da na yi kusa da madafa ya ƙara ta'azzara na biyun. Na ƙara ruwa, wutar ta dawo 2.9 kawai, da na canja ruwan batir gaba ɗaya ta kai 3.1. Ragowar ba ta dawo ba, domin abin da ya daskare a can ciki ba ya fita da sauƙi. Wannan matsala ta fi ta katalis girma a wurinmu, kuma yawancin takardun da na karanta a ɗakuna masu daidaitaccen danshi aka yi gwajinsu. Da damina kuma akasin haka nake tsammani, fotash zai jawo laima har ruwa ya cika ramukan.

Laraba, 15 ga Janairu

Na gwada cajin batir ɗaya da ƙaramin faifan sola ta hanyar resista. Sai da wutar ta haura bolt 2.1 kafin caji ya shiga, kuma cikin awa biyu ruwan ya koma kalar shayi, alamar cewa kabon ɗin kansa ne ke lalacewa. Fuskar ba ta sake wuce 0.9 ba. Fitar da oksijin aiki ne daban da shigar da shi, yana kuma buƙatar nasa katalis ɗin. Na ajiye zancen caji, za a riƙa canja farantin zinki da ruwa ne kawai.

Asabar, 18 ga Janairu

Na auna cin zinki. Batir ɗaya ya yi awa 20 yana ba da kusan miliamfiya 23, wato miliamfiya-awa 460. Giram ɗaya na zinki a lissafi yana ba da 820, don haka ya kamata a ci giram 0.56, amma sikeli ya nuna an ci 0.74. Bambancin ya tafi ne a ƙananan kumfar haidirojin da nake gani suna tashi daga farantin ko da ba a kunna komai ba, saboda zinkin tsofaffin batura ba tsantsa ba ne. Maganin wucin gadi shi ne a riƙa zare farantin daga ruwa idan an kashe fitila, kuma na roƙi kafinta ya yi mini murfi mai ɗan maratayi wanda zai ɗaga zinkin ya kuma rufe fuskar iska a lokaci guda.

Abin da na kashe zuwa yau, har da tabarma da kaskon da zan biya, ya kai naira 116,000.

Har yanzu ban kira garin nan nano a gaban ɗalibai ba, domin mitar awon wuta ba ta ganin girman rami. Abokina ya yarda zai kai samfuri uku wurin da ke da madubin ilektoron da na'urar auna fili, na gawayi zalla, na tangaran, da mai ƙwaya ɗaya, kuma ya ce in tanadi kuɗin gwaji kafin ƙarshen Fabrairu. Na zuba giram ɗaya-ɗaya a kwalaben allura da na wanke, na rubuta lamba kawai a jikinsu ba tare da suna ba, domin kada mai aunawa ya san wanda nake fata. Direban da ke zuwa Kano ranar Litinin zai tafi da su.

Asabar mai zuwa akwai gasawa biyu, ɗaya da ƙarfen ƙusa, ɗaya da rabin ƙwayar magani don in ga ko ƙasa da haka ma zai wadatar. Zan kuma gwada rataya jiƙaƙƙen ƙyalle da aka tsoma a ruwan farar ƙasa ta gini a gaban fuskar iska, ko zai tare ƙura da kabon dayoksaid ya kuma rage bushewa. Baba ya ce gawayin kirya zan kawo masa wannan karon, domin na makon jiya yana saurin zama toka kuma yana wahalar da mai zuga.